Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kyamarar Farko ta Mai Hoto a Galtimari

Bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ya tsuguna ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata baƙar kyamara ce mai dogon baki, irin wadda ake gani a wuyan 'yan jaridar gidan gwamnati. Ya ce, "Kawu, wannan nake so in saya." Na dubi kuɗin da aka rubuta a ƙasanta, na dube shi. Abin da ya tara cikin shekara biyu yana zaman rumfar POS bai kai rabin kuɗin gangar jikinta ba, balle a zo ga ido da fitila.

Ban yi masa dariya ba. Ni ba mai hoto ba ne, alƙalami ne abincina, amma aiki ya sa na daɗe ina rataya kyamara, kuma na tafka asarar da ta isa in ba wani shawara. Sai na ce masa ya mayar da wayar aljihu, gobe za mu je wurin wanda ya fi ni sani.

A takarda Galtimari tana cikin Ƙaramar Hukumar Jere, amma babu wanda ke jin ya bar Maiduguri idan ya shigo ta. Ga Fori a kusa, ga barikin Giwa, ga kogin Ngadda da kan kwanta shiru har a manta da shi. Akwai ma'aikata, akwai 'yan kasuwa da ɗalibai, akwai kuma waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu suka zauna. Duk inda jama'a ta taru haka, ana aure, ana suna, ana walimar saukar Alƙur'ani, ana cike fom ɗin makaranta da na neman aiki. Idan aka haɗa da bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, da tarukan siyasa, da bitocin ƙungiyoyin agaji da suka cika garin, da mata masu sayar da turaren wuta da humra da lafaya a Instagram, za a ga cewa mai hoto ba ya rasa abin yi idan ya iya.

Za a ce ai kowa yana da waya. Gaskiya ne, kuma waya ta kashe wani sashe na sana'ar har lahira. Babu mai biyan kuɗi yau don a tsayar da shi jikin bango a ɗauke shi da sabon ɗinki. Wayoyin Tecno da Infinix ma an gyara su don su fito da baƙar fata da kyau, da rana tsaka sai ka rantse ƙwararre ne ya ɗauka. Amma je ka daren wushe-wushe na bikin aure, ganga na tashi, mata na juyi, wutar janareto na lumshewa, ka ga yadda waya ke mayar da fuskoki kamar an shafa su da hannu. Ban da wannan, uwar amarya ba za ta ƙirga kuɗi ta ba yaron da ya zo mata da waya irin ta 'yarta ba. Kyamara a wuya ita ce rigar aiki.

Wanda muka je wurinsa dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin fim. Shagonsa bai fi ɗakin gwauro ba: benci, labule fari da ja na fasfo, ƙaramin injin wanke hoto, da wani tsohon zanen bango mai bene da furanni wanda ya ƙi jefarwa. Na ce, "Baba, ga ɗanka na kawo, hoto yake so ya koya." Ya kalli yaron ta saman tabarau ya ce, "Hoto yake so, ko kyamara yake so? Ba ɗaya ba ne."

Ya ba mu labarin lokacin da fim ɗaya hoto 36 yake ci, gwani ya matse shi ya fitar da 37. Kowane dannawa kuɗi ne, don haka ba a dannawa sai an gyara wa mutum hula, an ce ya ɗaga haɓa, an jira yaro ya daina kuka. Idan amarya ta rufe ido ba za ka sani ba sai an wanke, ka ɗaga dodon hoton sama kana salati. Ranar Sallah yara su yi layi har titi, a ba wannan furen roba ya riƙe, a ba wancan wayar tangarahon da ba ta haɗe da komai. Ya ce yaran yanzu suna danna ɗari biyar a biki guda, su rasa goma na kirki.

Na ƙara wa yaron da abin da na sani. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen adana zane na duniya, da ƙaramar Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935, kuma sai 1948 ya buɗe shago. Da na zo wurin kawun nan sai na ga yaron ya ɗago ya dube ni, na yi maza na wuce. J.D. 'Okhai Ojeikere na nan Najeriya ya sayi tasa Brownie a 1950 a kan fam biyu, ya zo ya bar wa duniya hotunan kitso kusan dubu. A gida kuwa ga Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya, ta fara jerin hotunanta na Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da garin nan ba sai bam. Ta nuna 'yan kasuwa, da 'yan makaranta, da tsofaffi cikin rawani, da bukukuwa. Ban taɓa jin wanda ya kalli hotunanta ya tambayi lambar kyamarar ba.

Duk da haka sai da kyamara ake yi, kuma kuɗin yaron ba su da yawa, don haka muka zauna lissafi.

Irin wadda ake kira DSLR, sirrinta madubi ne. Haske ya shigo ta ido, wato lans, ya faɗa kan wani ɗan madubi da ke kishingiɗe a ciki, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da kake leƙawa. Abin da kake gani da idonka shi ne ainihin abin da lans ke gani. Ka danna, madubin ya ɗaga, wani siririn labule ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, haske ya sauka kan farantin da ke kama hoto, wanda 'yan sana'a ke kira sansa. Labulen nan shi ne shata, ba dai na Katsina ba, ko da yake shi ma da amonsa ake gane shi. Sansar irin waɗannan kyamarori ta kai milimita 22 zuwa 23 a faɗi, kusan 15 a tsaye, ta ninka ta yawancin wayoyi sau da yawa. Daga nan fifikonta yake a cikin duhu.

A 2003 Canon ta fitar da 300D, DSLR ta farko da aka sayar ƙasa da dala dubu, Nikon ta biyo da D40 a 2006. Shekara goma sha biyar kamfanonin biyu suna zuba ƙananan kyamarori a kasuwa kamar ruwan sama. Sai a 2018 dukansu suka fito da manyan kyamarori marasa madubi, hankalinsu ya koma can. D3500 ta 2018 ita ce ta ƙarshe a jerin ƙananan Nikon, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa 1D X Mark III ce babbar DSLR ɗinsu ta ƙarshe. Mutanen Turai da Amurka da Japan suka shiga sayar da tsofaffin nasu. Kayan su sauka a Computer Village ta Ikeja, su gangaro Banex a Abuja da titin Beirut a Kano, wasu su ƙaraso nan a motar haya an naɗe su da tsumma cikin kwali. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haye 1,500 cikin 'yan watanni, sabuwar kyamara a kwali ta fi ƙarfin mai farawa. Ta hannu ce hanya. Abin da masu kuɗi suka juya wa baya shi ya buɗe wa ɗan Galtimari ƙofa.

Yaron ya yi tambayar da kowa ke yi: Canon ko Nikon? Baba bai ko ɗago ba ya ce, "Wadda maigidanka ke riƙewa." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Hoton da za su ba ka ba shi da bambancin da mai biki zai gani. Amma ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar ɗaurin aure, ko kana bukatar aron dogon lans don hawan Sallah a ƙofar fadar Shehu, wanda ke kusa da kai ne zai cece ka, kuma lans ɗin Canon ba ya hawa Nikon. A cikin masu hoton bikin da na sani, masu Canon sun fi yawa. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai zancen megafiksel, wanda da shi masu sayarwa ke ruɗa yara. Hoton da aka fi wankewa, mai inci 5 da 7, miliyan uku da 'yan kai yake bukata ya fito tas. Kyamarar da ta fi kowace tsufa a cikin waɗanda ake tallatawa, irin su 1100D ta 2011, tana da miliyan 12. Mai miliyan 18 ta isa ka yi babban firem na falo. Wannan lamba ba ita ce abin dubawa ba.

Abin dubawa shi ne abin da aka cire. Nan ne na fi so mai farawa ya buɗe kunne, domin sabuwa ba kullum ta fi tsohuwa ba. Ɗauki 4000D da 2000D, waɗanda Canon ta fitar a 2018 don masu ƙaramin ƙarfi. Sun fi 600D ta 2011 ƙuruciya da shekara bakwai, mai shago kuma zai nuna maka shekarar ya ƙara kuɗi. Amma 4000D bakin da lans ke ɗaurawa na roba ne. Dukansu biyu ba su da ramin makirfo, ga wanda zai haɗa da bidiyo. Sannan a kan kujerar filash, a saman kyamara, akwai wani ɗan ƙarfe a tsakiya da ke ba fitila umarnin ta haska. An cire shi a 4000D da 250D da kuma 2000D na farko-farko, don haka filash mai araha na gama-gari ba ya tashi a kansu. Yaro ya sayi kyamara, ya sayi fitila, ya je biki, ya danna shiru. Ita kuwa 600D, da ƙanwarta 700D ta 2013, suna da wannan ƙarfen, suna da ramin makirfo, allonsu na juyawa, kuma sansarsu tana karkaɗe ƙura da kanta duk lokacin da aka kunna ko aka kashe. A ɓangaren Nikon ma haka labarin yake: D3300 ta 2014 tana da makirfo da karkaɗe ƙura, D3400 da D3500 da suka biyo ta an cire musu duka biyun. A kula kuma da sunaye, don kyamara ɗaya kan zo da suna uku. 600D ita ce Rebel T3i a Amurka, ita ce Kiss X5 a Japan. T6 ita ce 1300D, amma T6i wata ce daban, 750D, kuma ta fi ta nesa ba kusa ba. Harafi ɗaya ya isa a cuce ka, ko kuma ka ci riba idan mai sayarwa ne bai sani ba.

Karkaɗe ƙurar nan ba ado ba ne a garinmu. Hazon da ke rufe Maiduguri daga Disamba zuwa Fabrairu, mai yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da tafkin Chadi, kuma mu ne a bakin hanyarsa. Laushinsa ya fi na garin alkama. Duk cire lans da za ka yi a fili, ka buɗe masa ƙofa. Baba ya nuna wa yaron yadda ake yi: a juya wa iska baya, a kifa bakin kyamara ƙasa, sabon lans yana hannu a shirye, a musanya cikin daƙiƙa biyu. Ba a hurawa da baki, don yawu ya fi ƙura illa. Ba a goge gilashi da gefen riga. 'Yar robar hura iska da ƙyalle mai laushi kuɗinsu bai kai na katin waya na mako ba. Zafi ma haka. Littafin da ke zuwa da waɗannan kyamarori ya ce an yi su don aiki daga sifili zuwa digiri 40. Wanda ya rubuta bai taɓa zuwa Yerwa a watan Afrilu ba. Suna jurewa, amma baƙin ƙarfe da aka bari a rana kan kujerar mota ko ana ɗaukar dogon bidiyo da azahar, zai nuna maka fushinsa.

Ga wuta. Duk wanda ke garin nan ya tuna Janairun 2021, da aka karya turakun layin Damaturu, aka yi wata da watanni cikin duhu, har aka zo aka buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023. Wanda ya ga wannan ba ya wasa da batir. A nan DSLR ta yi wa marasa madubi fintinkau, domin leƙawa ta taga ba ta cin wuta. An auna D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, 2000D kuwa wajen 500. Ko wacce ka saya, batir biyu ne mafi ƙaranci, uku ga mai hankali.

Yanzu ga inda kuɗi ya kamata su tafi. Yawancin waɗannan kyamarori da lans mai lamba 18-55 suke zuwa. Masu son burga suna raina shi, ni ba na raina shi. Yana ɗauke taron dangi a tsakar gida, yana yin fasfo, yana shiga ƙuntataccen ɗaki. Rauninsa ɗaya ne: idan ka jawo abu kusa, ƙofarsa tana tsukewa zuwa 5.6, haske ya ragu. Maganin wannan shi ne ɗan ƙaramin lans mai lamba 50 da ke buɗewa har 1.8, wanda ke shigar da haske kusan ninki goma. Shi ne ke narkar da bayan mutum ya bar fuska ita kaɗai tana magana, irin hoton da 'yan mata ke cewa "a yi mini mai hazo a baya". Sai dai a kan ƙananan kyamarori yana matso da abu sosai, kamar 80 a kan manya, har ka manna bayanka da bango ba ka samu amarya da ƙawayenta uku a ciki ba. Mai Nikon ya fi dacewa da 35 mai 1.8. Kuma ya kiyaye: jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka tsohon 50 mai harafin D, wanda ya fi araha, zai hau amma ba zai saita kansa ba. Mai harafin G ake nema. Na san wanda araha ta ja ya sayi mai D, ya yi wata guda yana zargin idonsa.

Fitila kuwa, Baba ya ce ita ce rabin sana'a, kuma a nan ya fi daɗewa. Ya kira wani almajirinsa mai duhun fata, ya sa shi ya saka farar riga, ya miƙa wa yaron kyamara ya ce ɗauka. Rigar ta fito fes, fuskar ta nutse, ido da haƙora kawai ake gani. Dalili shi ne ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. Ya ga farar shadda ta cika wuri sai ya rage haske, fuska ta biya bashin. Ranar ɗaurin aure kuwa kowa fari yake sakawa, ga rana a tsakar ka, ga hular Zanna ta jefa inuwa a goshi. Baba ya ƙara haske da mataki ɗaya, ya matsar da almajirin inuwar zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ya sake ɗauka. Sai ga mutum ya fito da kamanninsa. Ya ce a cikin ɗaki ba a harba filash a fuska, ana juya kansa sama ya bugi farin silin ya sauko a hankali. Sannan ya faɗi abin da babu littafin Turawa da zai gaya maka: ɗakin amaryar Barno cike yake da hayaƙin turaren wuta, idan ka harba fitila kai tsaye hayaƙin ne zai kama hasken, hoton ya fito kamar an ɗauka cikin hunturu. Ko dai ka roƙi a fitar da kasko na minti biyar, ka sha harara daga gwaggon amarya, ko ka kashe fitila ka buɗe lans ka bar hayaƙin ya zama ado.

Saye kuma ba a yin sa daga nesa idan da hali. Gani ya kori ji. Ka tafi da katinka na memori da wanda ya sani. Abu na farko, yawan dannawa: shatar ƙananan kyamarori an gina ta ne don wajen dannawa dubu ɗari. Wadda ta yi dubu goma sha biyar yarinya ce, wadda ta haura dubu tamanin kuwa ta ga jiya ta ga yau, ko da jikinta na sheƙi. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Ka tsuke ƙofar lans zuwa 22 ka ɗauki farin bango ko sarari, duk ɗigon ƙura da tabon da ke kan sansa zai bayyana. Ka cire lans ka haska shi da fitilar waya ta baya; idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, ajiye. Ka danna kowane maɓalli, ka ɗora filash ka ga ya tashi. Sannan ka buɗe gidan batir da na kati ka leƙa, har ka sansana.

Wannan na ƙarshen ya ƙara muhimmanci tun daren 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga Fori da Galtimari da Gwange, ya shiga Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Kayan wuta da yawa sun kwana cikin ruwa, an shanya su, wasu sun farfaɗo, wasu kuma sun koma kasuwa. Kyamarar da ta sha ruwa tana iya yin wata biyu lafiya lau kafin tsatsa ta gama cin cikinta. Fari-fari ko kore-kore a kan ƙarfen batir, ko jan tsatsa a kan ƙananan kusoshi, ya ishe ka shaida.

Ni tawa asarar a kati na yi ta. Na saye shi da araha a hannun wani mai tebur, an rubuta 64 a jikinsa. Na ɗauki sunan 'yar abokina tun daga yankan rago har yamma, kyamara tana nuna komai lafiya. Da na zo kwashewa, na safe ne kawai suka buɗe, sauran duk sun zama toka. Katin na jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Yarinyar yanzu tana firamare, uwarta har yau idan mun haɗu sai ta tambaye ni hotunan suna. Kati biyu matsakaita na gaske sun fi babba ɗaya na shakka, kuma ba a goge kati sai hotuna sun kwana a wuri biyu.

Shawarar da muka tsayar ita ce kada gangar jiki ta cinye fiye da rabin abin da ke hannunsa. Sauran a raba wa fitila, batir, kati, jaka mai rufi sosai, a kuma bar wani abu na kuɗin mota. Tun Yulin 2011 aka hana babur a Maiduguri, don haka mai hoto a Keke Napep yake yawo, jaka a cinya, ba a rataye ta waje ba.

Akwai kuma abin da ba a saye. A unguwar da ke maƙwabtaka da bariki, ba a ɗaga kyamara a kusa da shingen jami'an tsaro, ko da tsuntsu kake son ɗauka. A bar ta cikin jaka har a wuce. Mutanen da suka sha wahala sun gaji da baƙin da ke ɗaukar hotonsu ba sallama, don haka a gaisa, a nemi izini, wanda ya ce a'a a ƙyale shi. Akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, shi ya sa mace mai kyamara take da kasuwar da babu mai ƙwace mata, daga ranar lalle har kai amarya, kuma ina mamakin yadda 'yan matanmu ba su cika wannan fage ba tukuna. A karɓi kafin alƙalami, don bayan biki kuɗi sun ƙare, ango ya daina ɗaga waya. A kai aiki ranar da aka yi alkawari. Dangi kuwa, masu "ɗauke ni mana, ai ɗanmu ne", Baba ya ce a ɗauke su, amma kada a wanke.

Bayan mako uku wani almajirin Baba da ya koma marar madubi ya fitar da tasa 600D. Mun duba ta a gaban kowa, dannawarta dubu ashirin da 'yan kai, robar riƙonta ta ɗan saki, sansa da ɗigo biyu da suka tafi da hurawa. Yaron ya saye ta da lans ɗinta na 18-55, ya ƙara filash na hannu da batir biyu. Mai lamba 50 ya ce sai bayan Babbar Sallah. Na cika masa kuɗin jaka, don kada a ce kawun Keïta ya fi ni.

Aikinsa na farko na kuɗi ba biki ba ne. Wata dattijuwa ce ta shigo shagon da leda, ta kwance ƙulli uku, ta fito da hoton marigayi mijinta, irin na da, yana zaune gaban zanen bene riƙe da furen roba. Ruwan ambaliya ya ci gefe ɗaya, launin ya zube daga kafaɗa zuwa ƙasa, amma fuskar tana nan. So take a fitar mata da sabo kafin sauran ya tafi. Baba ya karɓa ya daɗe yana kallon zanen benen, sannan ya waiga ya dubi bangon shagonsa, bai ce komai ba. Ya shimfiɗa hoton a kan benci a bakin ƙofa inda rana ba ta bugawa, ya danne kusurwoyin da tsabar kuɗi huɗu, ya ce wa yaron ya kashe filash, ya tsaya daidai samansa kada ya karkata, ya riƙe numfashi. Yaron ya danna sau ɗaya, ya kai yatsa zai sake.

Baba ya ce, "Duba wannan tukuna."